Wata Biyar na Neman Turbar da Keke da Kare Za Su Bi Tare a Duwatsun Jos

'Yan'uwa masu koyon hawan dutse da keke, musamman waɗanda ke son kare ya riƙa raka su, ga bayanin inda na kai tun daga watan Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, zuwa ƙarshen Maris. Karen nawa sunansa Toka, karen gida ne na gadi, siriri mai dogayen ƙafafu irin na mafarauta. Ban fara fita da shi ba sai da ya cika wata goma sha takwas, domin likitan dabbobi ya gargaɗe ni cewa gaɓoɓin kwikwiyo ba su gama ƙwari ba, kuma doguwar tsere kafin su nuna tana iya barin masa ciwon da ba ya warkewa. A ranar da na kai shi wurin likitan ne kuma aka sabunta masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi duk shekara, aka ba ni katinsa. Muna da sa'a a wannan jiha, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana kusa da mu. Katin nan yana cikin jakata duk inda za mu, kuma sau biyu ya kashe mini magana a ƙauye.

Na fara neman hanya a waya, kamar yadda yawancinmu za su yi. Manhajar AllTrails tana da wurin da mutum zai tace hanyoyin da aka yarda a shiga da kare, kuma hakan yana da amfani a ƙasashe irin su Amurka, inda yawancin gandayen dajin gwamnatin tarayya ba sa barin kare ya hau turbobinsu, wuraren da aka bari kuma a ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba. A nan ban sami abin da zan dogara da shi ba. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth, wanda ke nuna turbobin ƙafa kamar farin zare tsakanin duwatsu. Sai dai hoto ba ya gaya wa mutum gonar wa zai ratsa, ko akwai ruga a bayan dutse, ko ƙasar wurin tana yanka ƙafa. Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'ida: kowace sabuwar turba sai na taka ta da ƙafa ni kaɗai, sannan in bi ta da keke ni kaɗai, a karo na uku ne Toka zai zo.

Turba ta farko da na gwada tana gefen Rayfield, cikin filayen da aka haƙi kuza tun farkon ƙarni na 20. A ido wurin ya dace, domin shimfiɗaɗɗe ne, ana hango nesa, ga tulin ƙasa da kamfanoni suka bari wanda ke ba mai keke ɗan hawa da gangara. Abin da ya sa na janye daga can shi ne tafkunan da haƙar ta bari. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gane shi daga sama, kuma karen da ya yi gudu ya ji ƙishirwa ba ya shawara kafin ya faɗa ruwa. Ran nan Toka ya gangara wani tafki, ya sha, da ya juyo zai hau sai ƙasar ta riƙa zubewa a ƙarƙashin ƙafarsa, har sai da na kwanta rub da ciki na kama ɗamarar ƙirjinsa na jawo shi. Ban da wannan, a rani bakin tafkunan cike yake da lambunan kabeji da karas da tumatir, masu lambun kuma suna fesa magani, kuma ba wanda zai ji daɗin ganin kare yana tattaka masa kwami. Na ci gaba da zuwa can ni kaɗai, amma na cire shi daga jerin wuraren kare.

Wanda muka fi daɗewa a kansa shi ne gindin duwatsun Shere, gabas da gari, ta wajen madatsar ruwa ta Lamingo. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai kimanin mita 1,829, don haka da asubahin Disamba sanyi yake har yatsu su ƙage a kan birki. Wannan sanyin shi ne babbar ribar kare. Kare ba ya fitar da zafin jiki ta gumi kamar mu, ta haki yake fitarwa, kuma idan iska ta ɗumama hakin ba ya isarsa. Muna barin gida bayan sallar asuba da an fara ganin hanya, kafin ƙarfe tara mun dawo. Daga tsakiyar Fabrairu na ƙara rage lokacin, domin falalen dutse yana ɗaukar rana da wuri. Kafin mu hau kowane falale nakan ɗora bayan hannuna a kansa in ƙirga bakwai; idan ban iya jurewa ba, tafin ƙafar Toka ma ba zai jure ba.

Maganar tafin ƙafa ita ce darasin da na koya da tsada, kuma ina so ku tsaya a kanta. Taya ba ta damu da bambancin ƙasa kamar yadda ƙafar kare ke damuwa ba. Jan burji mai tsakuwa, wanda keke ke gudu a kansa cikin daɗi, kamar magagari yake ga kare. A mako na shida muka yi kilomita tara, fiye da rabinsu a kan irin wannan burji, ni kuma ina jin daɗin gangare ban lura cewa ya daina sassarfa ya koma sukuwa don ya cim mini ba. Da muka iso gida ya kwanta yana lasar ƙafar gaba ta dama, na ɗaga na ga fatar tafin ta saluɓe kamar girman ƙwayar gyaɗa, jajawur. Kwana goma sha biyu bai fita ba. Laifin nawa ne, domin kare mai son ubangidansa ba ya tsayawa don ya ji ciwo, bi zai yi ta yi har ya faɗi. Tun daga ranar nake auna gudu da tafiyarsa: muddin yana sassarfa, baki a ɗan buɗe, wutsiya a sake, to muna daidai, da na ga ya shiga sukuwa ta wuce 'yan daƙiƙu, sai in taka birki. Turbar da nake nema yanzu ita ce mai ƙasa mai laushi ko rairayi, wadda ƙafafun mutane da awaki suka daddaɓe, mai yawan lanƙwasa da ke tilasta mini tafiya a hankali.

Akwai kuma abubuwan da ke gefen hanya. A ƙauyukan wannan tudu ana shinge gonaki da ƙyarana, mai ƙaya da farin ruwa kamar madara, wanda idan ya shiga ido yana ƙuna ƙwarai. Inda turba ta matse tsakanin shinge biyu nakan sauka in ɗaure Toka mu wuce a ƙafa. A watan Janairu kuma ana ƙona daji, wasu don farautar gafiya, kuma wurin da aka ƙona yana barin tsinken ciyawa masu kaifi da toka mai zafi a ƙasa, saboda haka na bar wata turba mai kyau har sai ruwan farko ya sauka. Kaska kuwa ba a kauce mata inda shanu ke bi. Duk dawowa nakan zauna a ƙofar gida in duba kunnuwansa, da wuyansa, da tsakanin yatsunsa, in cire abin da na samu, domin kaska tana ɗauke da cutar da ke lalata jinin kare.

Amma abin da ya fi tantance ko turba ta dace da kare, mutanen da ke zaune a bakinta ne. A nan ba allon da zai ce an yarda ko an hana, izinin yana bakin masu wurin. Kafin in shigo da Toka wani ƙauye a gindin Shere, na je gaida mai unguwa, na ce, “Ranka ya daɗe, ina so in riƙa wucewa ta bayan gari da keke, da karena, ga katin allurarsa.” Ya karɓa ya jujjuya katin, sannan ya kira wani saurayi ya zagaya da ni. Saurayin ne ya nuna mini wata kurmi da ba a shiga saboda al'adar garin, da gefen dutsen da mafarauta ke ɗana tarko, da lokacin da ake sako awaki. Babu taswirar da za ta ba ni ko ɗaya daga cikin ukun nan. Haka na yi da wani dattijo makiyayi da rugarsu ke kusa da burtalin da nake tsallakawa. Ya ce mini, “Yaro, saniya mai sabon maraƙi ba ta san karen birni da kura ba.” Muka yi yarjejeniya cewa zan riƙa wucewa kafin su kora garke, idan kuma muka haɗu, in sauka, in ɗaure kare, in sa keken tsakaninmu da shanun har su shige.

Ina kuma tuna cewa da yawa daga cikin mutanenmu ba sa son kare ya taɓa su ko ya shinshini tufafinsu, wasu saboda tsarki, wasu saboda an taɓa cizon wani nasu, kuma haƙƙinsu ne. Don haka ko kusa da masallaci, ko rijiya, ko 'yan makaranta, Toka a ɗaure yake a gefena. Igiyar ba ta taɓa hawa kan ƙahon keke, domin fizga ɗaya ta isa ta kayar da mutum. Idan za a ɗaure, sauka nake yi. Wata biyu na farko na kashe su ne a kan kalmomi uku kawai, “zo”, “tsaya” da “baya”. Na ƙarshen shi ne mafi wuya, wato ya bi bayan tayar baya maimakon ya sha gabana, domin karen da ke gaba yana iya tsayawa cak don ya shinshini wani abu a tsakiyar gangare. “Zo” kuma har yanzu ba ta zauna sosai ba idan ya ga zabi sun tashi. Saboda wannan rauni ne na hana kaina kusantar dajin Amurum da ke wajen Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take. Wuri ne da aka keɓe don tsuntsaye, wasunsu a ƙasa suke kiwo, kuma ko ba a ce mini komai ba na san kare mai bin abin da ya motsa ba shi da gurbi a can.

Yanzu dai ina da turba biyu da hankalina ya kwanta da su, ɗaya kilomita biyar, ɗaya bakwai da ɗan kai, dukansu zagaye ne da ke da wurin yanke hanya a koma idan kare ya gaji. Nakan ɗauki ruwa lita biyu, fiye da rabi nasa ne, da ƙaramin kwano, in ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan minti ashirin, kuma ba na ciyar da shi sai ya huta sosai bayan mun dawo. Ruwan sama yakan fara a Afrilu, ƙasa za ta yi laushi, amma ciyawa za ta rufe turba, macizai su fito, kwazazzabai kuma su cika ba zato. Na riga na yi magana da saurayin nan na gidan mai unguwa, ranar Asabar ta biyu bayan ruwan farko za mu sake taka turbobin biyu da ƙafa, Toka kuma zai zauna a gida.