Ba kowane ƙurji ne na zafi ba

Ƙannena, a Kano da zarar Maris ya kama, zafi ya doshi digiri 40, duk ƙurjin da ya fito wa mutum sai a ce na zafi ne, damina na sauka zai baje. Da wannan magana na yi shekaru ina yaudarar kaina, ni da nake yini a rana ina kai kaya tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari.

Ƙurajen zafi inda gumi ke taruwa suke fitowa, kamar gadon baya da hammata. Nawa kuwa a bayan hannu suke, da ƙeya, da kumatu. Inda agogo ya rufe, fata sumul take. Haka goshi daga inda hula ta zauna, haka ƙarƙashin haɓa. Idan naku haka suke, ku zargi hasken rana. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Ƙananan ƙuraje ne kamar kan allura, masu ƙaiƙayin tsiya, suna fesowa bayan an sha rana, su tafi su bar baƙin tabo.

Babban kuskurena shi ne kemis. Aka miƙo mini man shafawa mai betamethasone, sinadari mai ƙarfi na kwantar da kumburi, ƙaiƙayi ya kwanta, ni kuma na mayar da shi man kullum. Fatar ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, da na daina kuma ƙurajen suka dawo fiye da da. Irin wannan sinadari likita ne ke tsara shi, na ɗan lokaci. Masu bilicin, ku ma ku ji: baƙin da kuke kankarewa shi ne garkuwarku daga rana.

Da na je wajen likitan fata, abin da ya fara tambaya shi ne maganin da nake sha. Ashe magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su doxycycline da ciprofloxacin, har da maganin hawan jini hydrochlorothiazide, suna iya sa fata ta kasa jure rana. Kada ku ajiye magani da kanku, ku kai masa kwalin ya gani. Ƙannena mata, idan ƙurajen fuska suka haɗu da ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi ko gyambon baki, ku nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi gwajin jini, domin suna iya zama alamun lupus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, wadda ta fi kama mata matasa.

Ku sa riga mai dogon hannu da saƙa mai kauri, da malafa, ku shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfi SPF 30 zuwa sama. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ku riƙa bin inuwa, ko da cikin hazon hunturu ne, don hazo ba ya tare hasken gaba ɗaya.