Wanda Ya Ce In Fara Littattafan Pern Daga Tushe Ya Cuce Ni

Na karanta littattafan Pern, jerin ƙagaggun labarai na dodanni da mahayansu a wata duniya mai wannan suna, waɗanda Anne McCaffrey ta rubuta ita kaɗai, na ɗora da wasu daga cikin waɗanda ɗanta Todd ya ci gaba da su, kuma ina cikin mutanen da ba sa gajiya da komawa gare su. Amma har yau akwai abin da yake ci mini rai duk lokacin da na ɗauki Dragonflight, domin an sa ni na fara karatun daga inda bai kamata ba, kuma abin da na rasa ta dalilin haka ba irin wanda ake maidowa ba ne. Wanda bai taɓa karanta jerin ba, shawarata gare shi a taƙaice take: ya bi littattafan bisa tsarin fitowarsu, ya kuma dakata da karanta wannan rubutu a nan, saboda dole in tona wasu asirai kafin in iya bayyana asarar da na yi.

Wani abokin karatu da ya girme ni, wanda a wurinsa na ari mafi yawan littattafan, shi ya rubuta mini jeri da hannunsa, ya tsara su bisa tarihin duniyar Pern kanta. Hujjarsa tana da daɗin ji. Ya ce ba a fara gini daga rufi, kuma wanda ya san mafarin al'umma ya fi fahimtar halin da jikokinta suke ciki. Saboda haka ya ɗora Dragonsdawn a sama, littafin da ya fito a 1988, shekara ashirin cif bayan Dragonflight na 1968. A cikinsa ne mutane kimanin dubu shida suka iso sabuwar duniyar a manyan jirage uku, Yokohama da Bahrain da Buenos Aires, ƙarƙashin jagorancin Paul Benden da Emily Boll, suna neman rayuwa mai sauƙi nesa da yaƙe-yaƙe. Shekara takwas da saukarsu sai Zare ya fara zubowa daga sama yana cinye duk wani abu mai rai, har masaniyar halittu Kitti Ping ta ɗauki ƙananan ƙadangarun nan masu fiffike ta sauya ƙwayoyin halittarsu, aka samu dodannin farko masu aman wuta. Littafi ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai an rubuta shi ne domin mutanen da suka shafe shekaru suna tambayar yadda aka yi aka haihu a ragaya, ni kuwa ban riga na yi tambaya ko ɗaya ba aka cika mini hannu da amsoshi. Sunayen Benden da Boll da Telgar, waɗanda tsohon mai karatu zai gani gabansa ya faɗi saboda ya san su a matsayin garuruwa da sansanonin mahayan dodanni bayan shekara dubu biyu da ɗari biyar, ni sunayen wasu baƙi ne kawai a wurina.

Babbar ɓarnar ba ma a nan ta faru ba. Jerin ya kai ni ga Moreta, na 1983, kafin Dragonflight, tunda labarinta ya auku ne ɗaruruwan shekaru kafin zamanin Lessa, jarumar Dragonflight. A cikin Moreta annoba ta mamaye nahiyar, kuma domin a samu isasshen lokacin tattara kayan magani da raba rigakafi, mahaya sun yi amfani da wani sirri da 'yan kaɗan suka sani, wato dodo ba daga wuri zuwa wuri kawai yake iya tsallakawa ta cikin duhun nan mai tsananin sanyi da suke kira Tsakani ba, har daga lokaci zuwa lokaci yana iyawa. Na karanta wannan a matsayin abin da kowa ya sani. Ban san cewa an miƙa mini mabuɗin littafin farko ba ne.

Gaba ɗaya Dragonflight a kan tambaya ɗaya yake tsaye. Shekara ɗari huɗu Zare bai sauka ba, masu mulkin garuruwa sun fara cewa tatsuniya ce, sun gaji da kai harajin abinci ga mahaya, kuma daga cikin sansanoni shida guda ɗaya tak, na Benden, ya rage da mutane. Sauran biyar ɗin an wayi gari ne babu kowa a cikinsu, ba gawa, ba alamar yaƙi, sai wata tsohuwar waƙa mai cike da tambayoyi da aka tilasta wa mawaƙa su riƙa koyar da ita. Ga Jan Tauraro, wanda kusantowarsa ke kawo Zare, yana matsowa, ga F'lar, shugaban mahayan Benden, da 'yan dodannin da ba za su iya kare ko rabin ƙasar ba. McCaffrey ta shirya ne mai karatu ya shiga ruɗani tare da su, ya bi Lessa taki bayan taki tun daga ranar da ta faɗa cikin jiyanta bisa kuskure, har zuwa lokacin da ta dubi tsohon kilishin bango na Ruatha, garin ubanta, ta gane cewa ita ce za ta koma baya shekara ɗari huɗu a kan dodonta Ramoth ta ɗauko mahayan sansanonin nan biyar. Ni kuwa tun a karon farko da aka ambaci sansanonin da babu kowa na san inda suka tafi. Na ci gaba da juya shafuka ina jiran mutanen littafin su iso inda na daɗe da zuwa, har na fara ganin F'lar da Sarkin Mawaƙa Robinton kamar marasa saurin fahimta, alhali su ne mafiya basira a labarin. Wannan tafiya ta Lessa ita ce abin da tsofaffin masu karatu suke ambata da rawar murya, kuma ni ban taɓa jin ta yadda suka ji ta ba.

Daga nan asarar ta yi ta maimaita kanta. A Dragonquest na 1971 F'nor, ɗan'uwan F'lar, ya farka a bakin tekun nahiyar kudu ya ga 'yar ƙadangaruwar wuta mai launin zinariya, halittar da mutanensa suka ɗauka almara ce ta yara, ni kuma na riga na san su ciki da waje. An gano cewa tsutsotsin da manoma suka shafe ƙarnuka suna ƙonewa su ne masu cinye Zare idan ya shiga ƙasa, ni kuma na san har sunan wanda ya ƙirƙiro su. A The White Dragon na 1978, lokacin da aka duba taurarin nan uku da suke kira 'Yan'uwan Asuba da madubin hangen nesa aka fahimci cewa aikin hannun mutum ne, aka kuma fara tono gidajen kakanni daga ƙarƙashin tokar dutse mai aman wuta, na san sunan kowane jirgi, na kuma karanta ranar da dutsen ya fashe.

Masu goyon bayan tsarin abokina suna da amsa, kuma na sha jin ta. Suna cewa ai gabatarwar Dragonflight da kanta ta faɗi cewa mutanen Pern daga wata duniya suka zo, saboda haka babu wani sirri da aka tona. Gaskiya ne gabatarwar ta faɗi haka, amma a 'yan layuka ta faɗa, kamar labarin da aka ji daga nesa, kuma ba ta ce komai a kan inda sansanoni biyar suka shiga ba. Marubuciyar da kanta ta roƙi a karanta littattafan bisa tsarin da aka buga su. Ba ta zauna ta zana tarihin shekara dubu biyu da ɗari biyar sannan ta fara ba. Daga gajeren labarin da mujallar Analog ta buga mata a 1967 abin ya tsiro, labarin da ya sa ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Hugo a fannin ƙagaggen labari a 1968, sannan na biyunsa ya kawo mata kyautar Nebula. Duniyar ta girma ne a hannunta tare da masu karatunta, kowane sabon littafi yana amsa tambayar da na baya ya bari.

Abin da ya hana ni jefar da jerin duk da wannan takaici shi ne abin da nake ganin ya riƙe mutane fiye da shekara hamsin, kuma shi babu tsarin karatun da zai iya lalata shi. Ranar ƙyanƙyasa, yara suna tsaye a kan yashi mai zafi sanye da fararen kaya, ƙwai yana fashewa, ɗan dodo yana tangaɗi yana kuka yana neman nasa, sai idanunsu su haɗu, yaron ya ji murya a cikin kansa tana faɗa masa sunanta. Daga wannan lokaci ba zai sake zama shi kaɗai ba har ya mutu. McCaffrey ba ta sassauta farashin wannan ba: idan mahayi ya mutu dodonsa yakan shige Tsakani ba ya dawowa, idan kuma dodon ne ya mutu, mahayin yakan rage rabin mutum, kamar yadda muka ga Brekke bayan ta rasa Wirenth, da Lytol wanda ya rayu shekaru da wannan rami a zuciyarsa yana renon Jaxom. Waɗanda dodanni suke zaɓa kuwa sau da yawa waɗanda aka raina ne. Lessa shekara goma ta yi tana wanke-wanke cikin tsumma a gidan ubanta da Fax ya ƙwace. Menolly mahaifinta ya hana ta kiɗa da waƙa saboda ita mace ce, ta gudu ta fake a kogo a bakin teku, ta wayi gari da ƙadangarun wuta tara suna bin ta. Ruth, dodon Jaxom, ƙarami ne, fari, kowa ya ce ba zai yi kwana ba. Duk wanda ya taɓa zama bare a cikin gidansu ya san abin da waɗannan shafuka suke taɓawa, kuma ina ganin shi ya sa tun farkon zamanin intanet masoya jerin suka kafa sansanoninsu na wasa, kowa yana rubuta labarin dodon da ya zaɓe shi.

Na samu damar gwada abin da nake faɗa lokacin da ƙanwata, wadda take jami'a, ta nemi abin karantawa a hutu. Na miƙa mata Dragonflight kaɗai, na ɓoye sauran, ban kuma yi mata bayanin komai ba. Ta yi ta zuwa tana tambayata ko annoba ce ta kashe mutanen sansanonin, ko kuwa sun haura Jan Tauraro ne, ina ce mata ta ci gaba. Da ta kai wurin kilishin bangon sai ta fito daga ɗaki riƙe da littafin, ta ce, "Yaya, don Allah kar ka gaya mini, amma za ta iya kuwa? Ai ba iska a can." Na ji daɗin ganin haka ƙwarai, na kuma ji kishi a lokaci guda, domin a fuskarta na fara ganin girman abin da aka ɗauke mini. Bayan ta gama The White Dragon da Moreta ne na ba ta Dragonsdawn, kuma ta ce da ta ga sunan Faranth, sarauniyar dodanni ta farko, wadda mutanen zamanin Lessa suke ambata kamar sunan waliyyiya, sai da ta ajiye littafin ta numfasa.

Wuri ɗaya kawai nake yarda a kauce wa shekarun bugu. Dragondrums ya fito a 1979, bayan The White Dragon, amma abubuwan da ke cikinsa sun riga faruwa, kuma babu abin da ake rasawa idan aka haɗa shi da Dragonsong da Dragonsinger aka karanta ukun a jere bayan Dragonquest. Akwai kuma batun yara, wanda bai kamata a yi shiru a kansa ba. Littattafan farko na manya ne. Tashin barbarar dodanni yana jan mahayansu zuwa ga juna ba tare da cikakken zaɓinsu ba, kuma yadda F'lar yake kama Lessa yana jijjigawa idan ransa ya ɓaci abu ne da bai yi mini daɗi ba, ban kuma yarda a wanke shi da cewa zamanin ne ba. Yaron da bai kai ba, waɗancan littattafai uku da Menolly take cikinsu ne suka dace da shi, ko da yake su ma suna tona labarin tafiyar Lessa. Wannan asara ce da na yarda a yi saboda dalili, wadda ta bambanta da tawa da aka yi a banza.

Game da inda za a tsaya, ra'ayina shi ne All the Weyrs of Pern na 1991 ya rufe labarin da aka buɗe a 1968, kuma shafukansa na ƙarshe, waɗanda ba zan faɗi abin da ke cikinsu ba, su ne kaɗai babban abin da na samu ya iso mini ba tare da an riga an gaya mini ba. Waɗanda suka biyo baya na mai marmari ne. Littattafan da Todd ya fara sa hannu a cikinsu daga Dragon's Kin na 2003 sun koma wani tsohon zamani na Pern, suna yawan dogara da annoba da tsallaken lokaci har abin da ya kusa kashe Lessa ya zama kamar zuwa kasuwa, kuma jerin abokina ya sa su tun kafin Moreta. Sa'ar da na yi ita ce ba shi da su a lokacin. McCaffrey ta rasu a ƙasar Ireland a watan Nuwamba na 2011 tana da shekara 85, 'yarta Gigi kuma ta fitar da Dragon's Code a 2018, wanda ya koma zamanin Piemur, jarumin Dragondrums, saboda haka shi ma sai bayan The White Dragon ya kamata a taɓa shi.