Awon ƙwayar farasitamol a ɗakin gwaji: inda lissafi ke kuɓuce wa ɗalibi

Ɗalibin ilimin haɗa magunguna, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake ko a Bayero ta Kano, da wuya ya kammala bai yi awon farasitamol ba. Maganin na da arha, ga shi ko'ina, kuma littafin ma'aunin magunguna na Birtaniya, wanda ɗalibai ke kira BP, ya shimfiɗa hanyar dalla-dalla. Tambayar ɗaya ce: ƙwayar da aka rubuta miligiram 500 a kwalinta, nawa ne a cikinta?

Ana farawa da sikeli. A ɗebi ƙwaya 20, a auna kowacce, a fitar da matsakaicin nauyi. Ga ƙwaya mai irin wannan girman, ba a yarda fiye da biyu su kauce wa matsakaicin da kashi 5 cikin ɗari ba, kuma ko ɗaya kada ta wuce kashi 10. Sai a daka su duka a turmin tangaran har garin ya yi laushi.

Nan ne kuskure na farko yake, kuma shi ya fi yawa. Littafin ya ce a ɗebi garin da ke ɗauke da giram 0.15 na farasitamol, sai ɗalibi ya auna giram 0.15 na garin kansa. Ai ƙwaya ba zallar magani ba ce, akwai sitaci da abin da ke ɗaure ta. Idan matsakaicin nauyinta giram 0.6 ne, maganin ciki kuwa giram 0.5, to garin da ake bukata giram 0.18 ne. Wanda ya auna 0.15 kuma ya yi lissafi kamar ya ɗebi daidai zai samu wajen kashi 83, ya rubuta a rahotonsa cewa maganin jabu ne, alhali hannunsa ne ya rage mudu.

Garin a zuba shi a kwalbar awo mai cin mililita 200, wadda ke da zane a wuya. A zuba mililita 50 na ruwan sodiyam haidirokisaid mai ƙarfin mola 0.1, a ƙara ruwa mililita 100, a girgiza minti 15 cif, sannan a cika zuwa zane. Masu gaggawa kan girgiza minti biyar su ce ya isa, sai wani kaso na maganin ya maƙale a cikin sitaci, takardar tacewa ta tafi da shi. Bayan an tace, kuma an zubar da ruwan farko da ya sauko, a ɗebi mililita 10 a tsinka da ruwa zuwa 100. Daga wannan a sake ɗiban 10, a haɗa da mililita 10 na ruwan sodiyam ɗin, a cika zuwa 100. Lokacin cikawa ido ya zama daidai da zanen, ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kansa. Ɗigo ɗaya da ya zarce ba ya komawa, sai dai a sake daga baya.

Karatun ana yin sa a na'urar auna shan haske, a nanomita 257, wato tsawon zangon hasken da ake saita ta a kai. A kunna ta da wuri fitilar ta yi ɗumi. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, a sake jira, a sake saita sifili da ruwan da babu magani a ciki. Ƙaramin mazubin dole ya zama na kwaz, wani dutse garai-garai mai kama da gilashi, domin gilashin gama-gari yana shanye hasken UV, wanda ido ba ya gani kuma da shi ake wannan awon, da kansa. Tabon yatsa ma yana ƙara karatu, haka ƙurar hunturu. In komai ya tafi daidai, za a ga karatun wajen 0.536, saboda lambar da BP ya ba farasitamol a wannan hanyar ita ce 715, wato karatun da ruwa mai kashi 1 cikin ɗari na maganin zai bayar. Ƙwayar ta ci jarrabawa idan sakamakon ya faɗa tsakanin kashi 95 da 105 na abin da aka rubuta.

Abin da, a ganina, ba a cika nanata wa ɗalibai ba shi ne iyakar wannan awon. Na'urar haske take aunawa, ba ta san sunan abin da ya sha shi ba. Farasitamol da ya lalace a ɗumi da laima yana rikiɗewa zuwa aminofinol, shi ma yana shan haske a wannan yankin, sai karatu ya fito da kyau a kan maganin da ya soma ɓaci. Shi ya sa ake komawa ga HPLC, wadda ke raba sinadaran kafin ta auna kowanne.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta gani sam. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan shan My Pikin, maganin ruwa na haƙoran jarirai mai ɗauke da farasitamol, saboda sinadarin dayetilin gilaikol da ya shiga cikinsa, mai kashe ƙoda. Wannan guba ba ta shan haske a nanomita 257, don haka maganin ruwa zai iya nuna farasitamol cikakke alhali tana ciki. Gano ta galibi da na'urar GC ake yi, wadda ke raba sinadarai bayan ta mayar da su tururi, kuma gwajin ana yin sa ne a kan gilisirin ko firofilin gilaikol, ruwayen da ake haɗa maganin ruwa da su, tun suna cikin duro, kafin a zuba su a tukunyar haɗi.