Bargon ƙyallaye: inda na kwana a mako na bakwai

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon haɗa ƙyallaye. Yau mako bakwai ke nan da na ɗora bargon nan, kuma na gama gida 19 cikin 30 da nake nema. Ga waɗanda suka shigo daga baya, kowane gida ƙyalle tara ne, uku a tsaye uku a kwance. Ina yanka kowanne inci huɗu da rabi, ɗinki ya cinye rubu'in inci ta kowane gefe, ya saura inci huɗu cif. Gida biyar a faɗi, shida a tsawo, bargo ya tashi inci 60 da 72, ƙyalle 270 ke nan gaba ɗaya.

Wannan rubu'in incin kada ku raina shi. In kika ƙara rabinsa kawai a kowane ɗinki, kafin ki kai ɗaya bakin faɗin bargonki ya ragu da inci uku da rabi. Na manna farin tef a jikin keke daidai wurin, yanzu shi nake bi, na daina dogara da ido.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai makon nan halin hannun kowa ne. Mu biyar muke zama ran Asabar, buhun ƙyallaye ɗaya muke zubewa a tabarma, wanda telan unguwarmu yake tara mana. Ka rantse ba daga buhu ɗaya muka ɗiba ba.

Hajiya, babbarmu, ba ta taɓa ƙyallen da ke da hoton mai rai. Tsuntsu, kifi, doki, duk gefe take turewa, ta ce ba ta san ranar da wani zai shimfiɗa bargon ya ta da salla a kai ba. Nata duk zane-zane ne da ɗigo-ɗigo, shuɗi da ruwan ƙasa, ga natsuwa kamar mai shi. Ƙanwata kuwa rufe ido take yi ta zura hannu a leda, abin da ya fito shi za ta ɗinka, ko da ja ne ya faɗo kan ruwan hoda. Da farko na ɗauka wasa take yi da aikin. Da ta shimfiɗa gida takwas a ƙasa sai na yi shiru, don wallahi nata ya fi nawa rai. Akwai kuma maƙwabciyarmu da ba ta ɗinka komai sai ragowar anko. Tana nuna ƙyalle da yatsa ta ce wannan na bikin wance ne, wancan na sunan ɗan wance, wannan kuma mai shi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ita ba ruwanta da ko launi ya dace.

Ni nawa halin shi ne manyan furanni. Ina son atamfa mai ƙaton fure kamar faranti, irin wadda in ka shiga Kantin Kwari take kiranka tun daga bakin layi. Sai dai ƙyalle mai inci huɗu ba ya ɗaukar fure irin wannan. Da zarar almakashi ya bi ta kai furen ya tafi, sai wani ɓangare ya fito kore zalla, wani ruwan ɗorawa, kamar ba turmi ɗaya ba. Gidaje huɗun farko da na yi haka suka dagule, ido ba ya samun wurin sauka. Na farke su duka ran Talata da dare.

Abin da ya fisshe ni waya ce. Na jera ƙyallayen a kan farin zanin gado, na ɗauki hoto, na mai da shi baƙi da fari. Nan na ga ja da kore da shuɗin da nake ganin sun bambanta duk toka iri ɗaya suka zama. Ashe haske da duhu ne ke fito da zanen bargo, launi yana biyo baya. Yanzu kwando biyu gare ni, na masu haske da na masu duhu, ina jera su ɗaya bayan ɗaya kamar gidan dara. Manyan furannin kuma na ajiye su, su za su zama shafi a baya, inda za su fito ɗungurungum ba tare da an yanka su ba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Akwai wani jan ƙyalle da ban wanke ba kafin in yanka. Na yayyafa ruwa zan yi guga, sai ga shi ya zuba a kan farin da ke kusa da shi. Tun ranar kowane ƙyalle sai ya kwana a ruwa, ja da baƙi kowanne a bokitinsa. Wankin yana fid da sitaci, kuma auduga in za ta tsuke gara ta tsuke kafin a ɗinka ta. Shadda da leshi na cire su daga wannan aikin, shadda santsi, leshi huda-huda. In za ku yi guga, ku kwantar da bakin ɗinkin wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin fari.

Wata ta tambaye ni ko dole ne layi ya miƙe sak. A wannan tsarin na gida mai ƙyalle tara, e, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba. Amma ku nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka. Da tsofaffin wandunan aiki da ragowar tufafi suke ɗinki, layinsu a karkace, wani ƙyalle dogo wani gajere. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 kuma aka buga su a kan tambarin wasiƙa na Amurka. Duk lokacin da na kalle su sai in tuna hannun ƙanwata, shi ya sa na daina yi mata gyara.

Abin da ya rage mini gida 11 ne, sannan in haɗa layuka, in shimfiɗa auduga a tsakiya, in fara ɗinkin hannu daga tsakiyar bargo zuwa baki don kada ya tattare. Ina so in gama kafin hunturu ya kankama. Matsalata yanzu masu haske. Atamfarmu yawanci launinta cike yake, buhu guda da ƙyar ka tsinci fari ko ruwan madara tafin hannu. Ina bukatar kusan 50, na yanka 26. Duk wadda ke da ragowar farin yadin auduga ko ruwan toka mai haske, don Allah ta taho mini da shi ran Asabar, zan ba ta masu duhu a madadinsa, kwandona ya cika da su.