Abin da gyaran ƙofa mai naɗewa ya koya mini

Ƙofa mai naɗewa ba ta cika lalacewa a inda take nuna ciwo ba. Mai gida zai kira ka, ya durƙusa ya nuna maka inda ƙasan ƙofar ke gogar tayil, ya ce, "Malam, ka ɗan rage mata tsawo kawai." Wanda ya jima a sana'ar kuwa sama yake fara ɗaga kai, domin yawancin waɗannan ƙofofi a rataye suke. Nauyinsu duka yana kan wasu 'yan tayoyi da ke gudu a cikin layin alminiyam ko na ƙarfe da aka kafa a saman ƙofar. Idan taya ɗaya ta cinye, ko notin layin ya saki, ƙyauren zai sauko, sai ƙasa ta ɗauki laifi. Ka yanke ƙasan, ƙofar ta yi lafiya na ɗan lokaci, tayar ta ci gaba da cinyewa, ƙyauren ya sake saukowa, ga shi kuma ka riga ka gajarta shi.

Wannan ne abu na farko da maigidana ya cusa mana a shago tun muna yara: zarto shi ne kayan aikin da ake ɗaukowa a ƙarshe. Noti idan ka kwance shi kana iya mayarwa, katakon da ka yanke kuwa ya tafi ke nan.

Iri huɗu muka fi gamuwa da su a gidajen mutane. Akwai ta roba mara nauyi da ake sa wa a banɗaki ko kicin inda wuri ya yi ƙunci. Akwai ta katako mai falle biyu-biyu, irin ta wadurof da sito. Akwai ta alminiyam da gilashi, wadda masu hali ke raba falo da ɗakin cin abinci da ita, ko su buɗe falo zuwa tsakar gida. Sai ta ƙarfe mai sanduna da ke haɗewa kamar almakashi, wadda aka fi sani a shaguna amma ake sa ta a bayan ƙofar gida saboda tsaro. Kowacce da halinta, amma maƙiyinsu na farko a ƙasarmu ɗaya ne, wato ƙura.

Duk wanda ya zauna a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san yadda hunturu ke yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke ɗebo ta, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma laushinta ya sa babu kafar da ba ta shiga. Tana taruwa a cikin layin ƙofa a hankali. Ƙofar ta fara nauyi, ta fara ƙara. Sai wani a gidan ya ɗauko baƙin mai ko giris ya lafta, idan ma babu sai a zuba man gyaɗa. Ranar kam ƙofa za ta yi santsi, kowa ya ji daɗi. Bayan 'yan makonni man ya kama ƙura ya zama wani baƙin kwaɓi mai kaushi, kuma duk buɗewa da rufewa wannan kwaɓin yana cin tayar roba yana cin layin alminiyam. Na buɗe tayoyi da yawa na tarar sun daina juyawa gaba ɗaya, gefe guda ya shafe ya zama fili, jan su kawai ake yi a kan layi. Man gyaɗa ya fi muni, domin idan ya daɗe yana daskarewa ya yi danƙo, ga kuma kiran tururuwa.

Abin da nake yi kafin komai shi ne shara. Tsohon buroshin haƙori, tsumma, da ɗan kananzir idan an riga an lafta giris, a goge har layin ya bushe ƙarau. Daga nan idan akwai feshin silikon a fesa kaɗan, domin shi ba ya riƙe ƙura kamar mai. Idan babu, a goga kyandir a cikin layin, ya wadatar. Mutane suna son man feshin nan na gwangwani, WD-40, kuma yana da amfaninsa wajen kwance notin da ya yi tsatsa, amma siriri ne, ba ya daɗewa a kan taya. Boris ɗin da ke cikin manyan tayoyi na ƙofar gilashi, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kai, galibi a rufe yake da mansa a ciki, ba ya neman ƙari. Idan ya fara ƙugi, canja shi za a yi. Sau da yawa ina gama sharar nan ƙofar ta miƙe, mai gida ya tsaya yana kallona kamar ban yi aikin da za a biya ba. Wasu abokan sana'a saboda gudun wannan kallon suke ƙirƙiro aiki, su ce sai an canja layi. Ni dai nakan kira yaron gidan in nuna masa yadda ake yi, in ce ya riƙa yi duk Juma'a a lokacin hunturu.

Ta wadurof tana da wata dabara da ba kowa ya lura da ita ba. Fallen da ke jikin bango yana juyawa ne a kan ƙusoshi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ta sama tana da sifirin, tana shiga wani ɗan ƙarfe da ke cikin layi, wanda noti guda ke riƙe da shi. Ka sassauta notin, ka matsar da ƙarfen dama ko hagu, saman ƙofar ya bi shi. Ta ƙasa kuma tana da zare irin na noti: ka juya ta ƙofar ta ɗaga, ka juya ta baya ƙofar ta sauka. Ƙarfen da take zaune a kai yana da haƙora, don haka kana iya ɗaga ƙyauren ka matsar da ita haƙori ɗaya ko biyu. Da waɗannan kaɗai ake gyara ƙofar da ta karkace, da wadda ke gogar firam, da wadda ke buɗe kanta da dare. Ana barin tazarar kamar milimita 5 ko 6 tsakanin ƙyaure da firam, a tabbatar tazarar sama da ta ƙasa sun zo daidai. Idan ƙofa tana yawan faɗowa daga layi, sau da yawa ƙusar ƙasa ce ta yi ƙasa da yawa, ta sama ba ta shiga sosai ba.

Inda aikin ke ba da wahala shi ne ramin noti da ya buɗe. Kayan ɗakin amare na yanzu yawancinsu da allon MDF ake yin su, garin katako ne da aka matse da gam. Yana da kyan gani, yana karɓar fenti, amma ba ya riƙe noti a gefensa, kuma duk kwancewa da ɗaurawa ramin ƙara faɗi yake. Wadurof ɗin da aka kai ɗakin amarya, aka kwance aka sake haɗawa da aka tashi daga gidan haya, da wuya hinjinsa su tsira. Maganin mai sauƙi ne. A cusa tsinken sakace ko karan ashana da farin gam irin Top Bond a ramin, a bari ya kwana, washegari a ɗaura. Matsalar ita ce babu mai son jiran kwanan. Idan ramin ya wuce haka, a huda shi a saka guntun katako na gaske. Wani abu kuma da matan gida ya kamata su sani: MDF idan ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa. Ruwan goge ɗaki da ke kwanciya a gindin wadurof kullum shi ke kashe ƙasan ƙyamaren. Nakan ce, "Hajiya, a riƙa matse tsumman sosai idan an zo nan," sannan in ɗaga ƙofar kaɗan daga ƙasa.

Katako na gaske halinsa daban. Yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. A ƙasarmu bambancin yana da girma, domin a tsakiyar hunturu damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70. Ƙofa mai falle huɗu, idan kowane falle ya ƙara milimita 2, an sami milimita 8 ke nan da ba su da wurin zuwa. Shi ya sa kiran "ƙofa ta ƙi rufuwa" ke yawa a Agusta. Idan ka fere ta a lokacin har ta rufu lafiya, a Janairu za a riƙa hango cikin ɗaki ta tsakanin fallayen. Nakan fara da matsar da ƙusoshi in samo tazara. Idan dole sai an rage, samfefa nake sa wa, kaɗan-kaɗan, sannan in shafe wurin da fenti ko banish nan take. Masu fenti sun saba barin saman ƙyaure da ƙasansa tsirara tunda ido ba ya kai wa can, alhali ta nan katako ya fi shan damshi.

Ta roba ba ta da dogon bayani. 'Yan maƙalanta na sama kan karye, maganaɗisun da ke riƙe ta a rufe kan kauce, duka ana canjawa cikin mintuna. Kada dai a kafa ta inda ranar Afrilu ke dukanta kai tsaye ko kusa da murhu, domin tana lanƙwashewa, kuma idan ta lanƙwashe ba ta da gyara.

Ta gilashi ce ke bukatar lissafi. Gilashi mai kaurin milimita 6 yana da nauyin kilo 15 a kowace murabba'in mita. Falle mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 2.1 gilashinsa kaɗai ya kai kilo 28. Falle huɗu sun haura kilo 110, ba a sa nauyin alminiyam ba. Firam ɗin alminiyam shi kaɗai ba zai iya riƙe siffarsa a ƙarƙashin wannan nauyi ba, gilashin ne ke tallafa masa, in an zaunar da shi daidai. Ana cusa 'yan robobi masu tauri tsakanin gilashi da firam a kusurwa biyu: kusurwar ƙasa ta ɓangaren hinji, da kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren. Da haka gilashin ke tokare firam ɗin a karkace, nauyi ya koma kan hinji. Masu gaggawa sukan jefa gilashin kawai su bi shi da silikon. Bayan wata 'yan kaɗan bakin fallen ya sunkuya, makulli ya daina shiga raminsa, a fara ɗaga ƙofa da hannu kafin a kulle. Na ga inda aka yi ta faɗaɗa ramin makulli har ya zama ba ya riƙe komai, alhali cire gilashin za a yi a sake zaunar da shi. Aikin mutum biyu ne, kada wanda bai saba ba ya gwada shi kaɗai. Akwai kuma zafi. Alminiyam mai tsawon mita 3 yana ƙara kusan milimita 2 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, don haka layin da aka matse tsakanin bango da bango ba tare da tazara ba zai iya ɗan bankarewa da rana, ƙofa ta yi tauri da azahar ta saki da dare.

Ta ƙarfe kuwa ramin layinta na ƙasa ne ajalinta. Yashi da ruwan sama suna kwanciya a ciki, tsatsa ta ci gindin sandunan. A huda 'yan kafofi ruwa ya riƙa fita, a riƙa sharewa. Idan ƙusar da ta haɗa sanduna biyu ta karye, a sa noti da washa biyu a bar shi yana juyawa. Mai walda idan bai kula ba zai ɗiga wuta a wurin ya like su, ƙofa ta daina naɗewa daga nan.

Neman kayan canji shi ma darasi ne. Waɗannan ƙofofi daga ƙasashe daban-daban ake shigo da su, Sin da Turkiyya da sauransu, kuma tayar wannan ba ta shiga layin wancan. Bambancin milimita ɗaya ya isa ya ɓata maka tafiya. Ko Kasuwar Ƙofar Ruwa za ni a Kano ko Panteka a Kaduna, tsohuwar tayar nake sa wa a aljihu in je da ita, hoto a waya ba ya nuna girma. Kuma idan ɗaya ta mutu duka nake canjawa, domin sabuwa a tsakanin tsofaffi ita kaɗai za ta ɗauki nauyin.

Akwai ƙofar da nake ƙin taɓawa. Idan na share, na daidaita, na ga har yanzu tana tafiya lafiya a gefe amma tana cijewa a tsakiya, sai in ajiye sukundireba in ɗauko awo. In auna tsayin ƙofar a dama, a tsakiya, a hagu. In auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In ɗauko tiyon ruwa irin na magina in duba ko layin sama a miƙe yake. Idan tsakiya ta fi gefe gajarta, linta, wato kankaren da ke saman ƙofa, ce ta sunkuyo, kuma a faffaɗar ƙofa hakan na faruwa idan an yi rowar rodi ko an cire katakon tallafi kafin kankare ya yi ƙwari. Wani lokaci za ka ga siririn tsagu a filasta daga kusurwar ƙofa ya nufi sama. A nan nakan ce, "Alhaji, wannan ya wuce aikina, a kira injiniya ya duba ginin tukuna." Ba kowa ke son jin haka ba, wasu sukan nemi wani ya zo ya yanke musu ƙyamaren. Idan aka gyara linta, ko aka sa ƙarfe aka tallafe ta, sai in dawo in sake kafa layin da sababbin fisha, wato robobin da ke riƙe noti a bango, in rataya ƙofar.