Daga Holan zuwa Sakkwato: amsar da ba ta isa gonar Baffa ba

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana Sakkwatawa. Ina gaishe ku daga ƙasar Holan, inda nake karatun kimiyyar ƙasar noma.

Kwanan baya na kira Baffa a Illela. Ya ce gero ya tsiro, iska ta kwaso rairayi ta binne shi, sai da ya sake shuka. Sannan ya ce, "To ɗana, ku da kuke karatun ƙasa, me kuka gano?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin amsar tana rubuce tuntuni, da Turanci, a mujallun da Baffa ba zai taɓa gani ba.

Amsar ita ce a bar itatuwa a gona. Ku dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Kakanninmu sun san wannan kafin a auna shi a ɗakin gwaji. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka rage tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, a sare sauran, a bar shi ya girma ya tare iska. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, ba raino, ba ban ruwa. Manomi ya gani a gonar maƙwabci, ya kwaikwaya. Illela da Birnin Ƙonni ta Nijar kuwa, ai ƙofa da ƙofa ne.

Mu masu bincike muna rubuta wa junanmu, mu yi taro a otal, mu watse. Wannan yana damuna ƙwarai. Duk shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina, kuma wanda ya fi kowa bukatarsa shi ne manomin Gada ko Tangaza da ke shirin yin binne. Wa zai faɗa masa da Hausa, a rediyo, a ƙofar masallaci, a zauren hakimi? Kuma in muna cewa a bar itatuwa su girma, kada mu tsangwami matar da ke girki da itace alhali kuɗin gas ya fi ƙarfinta. A kai mata murhu mai tsimin itace tukuna.

Na yi wa Baffa alkawari zan zo kafin sharar gona, in Allah ya yarda, mu zagaya da adda mu ƙirga kututturen da ke da sauran rai.