Yadda ake faɗin abin da bai faru ba tukuna a harshen Norwe

Mu da muka yi boko da Faransanci a arewacin Kamaru mun saba da cewa lokaci mai zuwa yana da ɗafa-ƙeyarsa a jikin aikatau, shi ya sa wanda ya fara koyon harshen Norwe yakan tsaya neman jadawalin da zai haddace, alhali kuwa babu shi. Harshen ba baƙo ba ne a Ngawundare, domin 'yan mishan daga Norwe sun fara aiki a garin tun 1925, kuma jami'ar garin ta yi haɗin gwiwa da ta birnin Tromsø da ke Norwe. A ganina, duk Bahaushen da ya ɗauki wannan karatu gara ya jingina da Hausarsa maimakon Faransanci.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar aikatau a lokacin yanzu, a ƙara kalmar da ke nuna rana: "Jeg reiser i morgen", wato gobe zan yi tafiya. Idan kuma niyya ce da mutum ya riga ya ƙulla, sai a sa "skal" kafin aikatau, a ce "Jeg skal lese i kveld", zan yi karatu yau da dare. Kalmar ba ta canza siga ko da ni ne, ko kai, ko su.

Inda Hausa da harshen Norwe suka yi kama ƙwarai shi ne wajen maganar tafiya. Idan ka haɗu da maƙwabcinka a bakin tasha, ba sai ka ce ina za ka tafi ba, "ina za ka?" ta wadatar, shi kuma ya amsa "za ni Garwa". Haka mutumin Norwe yake yi, ya jefar da aikatau ɗin tafiyar gaba ɗaya: "Hvor skal du?", a amsa "Jeg skal til Bergen". Wanda Faransanci kaɗai ya sani yakan ga kamar jimlar ta gutsure, mu kuwa kunnenmu ya riga ya saba.

Amma "skal" ba ta dace da abin da ba ya hannun mutum ba. Idan hadari ya haɗu a watan Agusta kana hasashen ruwa, abin da za ka ce shi ne "Det kommer til å regne", wato za a yi ruwa. A rubutun jarida da rahotanni ana yawan sa "vil" a wannan gurbi, sai dai kalmar tana da tarko, domin idan mutum yana magana a kan kansa ma'anarta takan koma so. Baƙon da ya ce wa mai masaukinsa "Jeg vil spise", yana nufin zai ci abinci an jima, abin da aka ji daga bakinsa shi ne yana son a ba shi abinci.

Duk misalan nan na Bokmål ne, rubutun da akasari ake koya wa baƙi. A Nynorsk, wato ɗaya salon rubuta harshen, tsarin ɗaya ne, sai dai wasu kalmomi sukan canza, misali "jeg" ta koma "eg", "kommer" kuma ta koma "kjem".